Safiyar Asabar a Ƙasar Kona Kafin Zuwan Salula



Kwanan baya ina zaune ƙofar gida da hantsi, sai ɗan ƙanena da ke aikin koyarwa a Tasawa ya zo gaishe ni. Muna cikin hira ya dubi jikokina uku. Sun haɗa kai bisa salula guda, ko ƙifta ido ba sa yi. Ya yi dariya ya ce: "Baba, ka san har mutanen Amurka suna kukan wannan abu? Manyansu na cewa sun yi kewar safiyar Asabar ta ƙuruciyarsu. A can ba makaranta ran Asabar. Tun daga wajejen 1960 har bayan 1990, yaro ya tashi da sassafe ya zauna gaban talabijin, a yi ta nuna masa zanen dabbobi masu magana har rana ta take. Yanzu intanet ta zo, kowa da nasa kallo, abin ya mutu."

Na ce masa: "To, su ke nan. Mu tamu Asabar ba ta hutu ba ce." Muka yi dariya, ya hau babur ya tafi. Amma maganar ta kwana a raina. An haife ni a 1966, shekara shida bayan Nijar ta samu mulkin kai, a wani ƙauye na ƙasar Kona. Na ga ya kamata in rubuta yadda safiyar Asabar take a wancan zamani, da abubuwan da suka shigo ɗaya bayan ɗaya har suka sake ta. Wanda ya girme ni, in ya ga na manta wani abu, ya ƙara wa jikokinsa da baki.

Mu fara da sunan ranar. Asabar ba Hausa ba ce tun asali. Daga Larabci ta zo, tare da Musulunci da malamai da fatake. Haka sauran ranakun. Lahadi na nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Juma'a ranar taruwa ce. Asabar kuwa asalin ma'anarta ajiye aiki, don ita ce ranar hutun Yahudawa. Kun ji abin mamaki. Sunan yana nufin hutu, amma a wurin yaron ƙasarmu ita ce ranar da hutu ke ƙarewa.

Dalili shi ne makarantar allo. Tun kaka da kakanni, almajiri yana hutawa Alhamis da Juma'a. Ran Laraba kowane yaro ya kai wa malam kuɗin Laraba. Mai dala ya kai dala, wanda gidansu ba kuɗi ya kai ɗan hatsi a ƙoƙo. Daga nan sai a rataye alluna. Kwana biyu ba mai neman ka. Ran Asabar da asuba a koma.

Wanda bai ɗanɗana asubar Asabar cikin ɗari ba, da wuya ya gane abin da nake faɗi. Tun yammacin Juma'a kowane yaro ya tara ɗan ƙunshin kara. Da ladan ya kira salla, Inna ta girgiza ka. Ka fito ƙafa a faskare da kaushi, riga guda ko ba riga, kara a ka, allo a hammata. A hura wuta tsakar fili. Mu kewaye ta, gaba ya ji zafi, baya ya ji sanyi. Kowa ya ɗaga murya yana biya nasa karatu, mu talatin ko fi, har mutanen ƙauyen da ke makwabtaka da mu su ji. Gardi na zagayawa da tsumagiya. A wannan safiya ake gane wanda ya yi tilawa cikin hutu da wanda ya ƙare kwana biyunsa wajen harbin kurciya. Ni ina cikin na biyun, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya iya nasa sai ya wanke allo, ya shanya bakin wuta, a rubuta masa sabo da alƙalamin gamba da tawadar gawayi da ƙaro.

Gari ya waye, a koma gida. Ɗumamen tuwon jiya na jira, ko kunu. Da ka haɗiye loma ta ƙarshe, wani aiki ya kira.

Ga wasunmu aikin nan lakwal ne. Ita kuma lakwal da Nasara ta zo. Tsofaffinmu ba su manta da 1899 ba, shekarar da rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu, ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa. An aiko wani kanar mai suna Kulob ya tsayar da su, suka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka kashe su duka biyun a wajen Maijirgi. Duk nan kusa da mu ne. Mutanen da suka fara ganin Nasara da irin wannan fuska, ba abin mamaki ba ne in sun ƙi ba shi ƴaƴansu. Har bayan samun mulkin kai a 1960, in aka ji za a zo ɗaukar yara lakwal, akwai masu ɓoye nasu cikin rumbu. Ni dai ba a ɓoye ni ba. Baba ya ce yana son a samu mai karanta takardar haraji a gidan. Aka rubuta sunana a 1973.

Lakwal ma tana da nata hutu, kuma ya zo daidai da na allo a rana guda. A Faransa, tun dokar 1882, ana barin yara rana guda ban da Lahadi don iyaye su koya musu addini, aka zaɓi Alhamis. Tsarin ya biyo su har nan. Saboda haka a zamaninmu Alhamis ce sarauniyar ranaku, ba allo ba lakwal. Asabar kuwa a shiga aji da safe, a tashi da tsakar rana. Da Faransanci kaɗai ake magana. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, a rataya masa wani ƙashi a wuya, shi kuma ya yi ta fakon wani don ya sauke masa. A 1973 ɗin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma mu labarinta bai iso mu ba sai da muka girma.

Kada a ɗauka yawancin yara na lakwal. A ƙauyenmu ƴan lakwal ba su kai ɗaya cikin biyar ba, mata kuwa sai a ƙirga da yatsun hannu guda. Sauran yara, bayan allo sai rijiya da kiwo da gona.

Da damina ba a tambaya. A gidanmu Asabar ranar gandu ce. Kowa da kowa gonar gida, babba da yaro. Akwai ranakun da aka ware wa mata da samari su je gamanarsu, amma Asabar ba ta ciki. Ran shuka Baba da Kawu na gaba da sungumi suna sara, mu muna biye da ƙoƙon iri, mu zuba mu rufe da diddige. Yaro ɗan shekara biyar ya san ƙwaya nawa ake sakawa a rami, ba a ce masa komai ba, hannunsa ne ya koya. A lokacin gyaɗa ce kuɗin ƙasar. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, kuma da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. Fari ya raunana ta, sannan a 1975 ciwo ya faɗa mata ya kashe gonaki. Tun daga nan ba ta koma yadda take ba, wake ya maye gurbinta a gonaki da yawa.

Da rani kuwa sai rijiya. Rijiyoyin ƙasarmu na da zurfi, musamman in ka nausa arewa wajen Mayahi. Yaro ya kora awaki da tumaki, ya jira makiyaya su gama, ya ja wasaki har tafin hannu ya yi kanta.

A nan dole in tsaya in faɗi gaskiya. Duk wannan da nake lissafawa, aikin ƴan mata ya fi shi. Yayata tana tashi kafin ni. Ta yi surfe, ta yi daka, ta je rijiya sau uku da tulu a ka, ta goyi ƙanenmu, sannan ta ɗauki tallan ƙuli-ƙuli. In muka zauna yanzu ina ba da labarin daɗin ƙuruciya, sai ta harare ni ta ce: "Kai ne ka yi ƙuruciya, ni aiki na yi." Ban taɓa samun amsar ba ta ba.

Jajibirin kasuwa

Wani abu da ya bambanta Asabar da sauran ranaku shi ne kasuwa. Kasuwar Tasawa ran Lahadi take ci, ta Mayahi ran Litinin. Ke nan Asabar jajibiri ce. Mata na toya man gyaɗa, ƙamshi ya cika gari. Tsofaffi na ƙarasa saƙar tabarma da tufkar igiya, don ƙasar Gulbin Kaba ce, kaba da goriba ba a sayen su. Ana auna hatsi da tiya ana ɗurawa a taiki. Mu yara a ce mu nemo jaki tun da wuri a ɗaure shi, kada gobe a wayi gari ana nema.

Kasuwar Tasawa tsohuwa ce. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda aka yi wa laƙabi da Abdulkarimu, ya sauka garin a watan Janairu na 1851. Cikin abubuwan da ya rubuta ya gani ana sayarwa har da soyayyar fara a manyan ƙore. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, don shekara ɗari da ashirin bayansa mu ma muna kama ta. Da kaka, in sanyi ya sauka, fara ba ta iya tashi da sassafe. Sai mu bi gindin sabara da kalgo muna tsinta kamar ana tsintar gyaɗa. A dafa, a shanya, a barbaɗa yaji. Rabi a ci, rabi a kai kasuwa. Dalar farko da na riƙe ta kaina, daga fara ta fito.

Kasuwa kuma ita ce jaridarmu. Wanda ya je Lahadi ya dawo da gishiri da kanwa da kalanzir, ya dawo da labari. Wane ya rasu, wance ta haihu, an yi ruwa a Gazawa, hatsi ya tashi a Maraɗi, naira ta faɗi. Wasiƙar ɗan ci-rani ma ta nan take biyowa, a hannun direba ko ɗan kasuwa. Wani lokaci ta yi wata guda a hanya daga Kano ko Legas. In ta iso a kai wa malam in da ajami ce, a kai wa mushe in da boko ce. Da na kai aji huɗu sai aka fara kawo mini. Na karanta sirrin gidaje da yawa ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma Baba ya yi mini kashedi: abin da ido ya gani a takardar mutane, baki bai gani ba.

To, yaushe muke wasa? Cikin aikin. Kiwo rabinsa wasa ne. Da an kai dabbobi daji sai a bar ƙarami ya tsare, manya su bazama. Mu ci magarya da aduwa da kanya, kowacce da lokacinta. Mu gwagwiyi goriba har haƙora su yi ja. Mu haƙa ramin gafiya, mu bi sawun bushiya a rairayi, mu kafa wa zabin daji tarko. Kafin in kai shekara goma na san sunan itace ya fi arba'in, na san wanda ake ci, da wanda ke maganin zawo, da wanda akuya ba ta taɓawa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Yaro ke koya wa yaro.

In an dawo gida sai ƙera mota. A samu karan dawa mai kauri, a feƙe ɓawon, a yanka totuwar gida-gida. Ɓawon shi ne ƙusa. A fafe sakaina a yi ƙafafu. Gwanaye har da ƙofa mai buɗewa da wurin zaman karen mota. Ko kuma a ɗebo yumɓu a gina shanu, a yi musu ƙaho da ƙaya. Ƴan mata na carabke da ɗiyar kara, in sun samu sarari. Tatsuniya ban sa ta cikin lissafin safiya ba, don ba a yin ta da rana. Ta dare ce, a ɗakin Kaka.

Akwati mai magana

Baƙon farko da ya shigo ya zauna tsakaninmu shi ne rediyo. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a 1958, kuma a 1974 aka sa masa suna Muryar Sahel. BBC ta fara Hausa a 1957, Kaduna ta buɗe nata gida a 1962, Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. A 1962 kuma aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mutane su taru su saurari shiri kan noma ko lafiya, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a kai Yamai a sa. Manomi ya ji manomi ɗan uwansa na magana cikin akwati, abin ya ba shi mamaki.

Amma buɗe gidan rediyo daban, samun akwatin daban. A ƙauyenmu akwati biyu ne: na mai gari da na Kawu, wanda ya sayo a Kano da kuɗin ci-rani. An ɗinka masa riga ta fata. Yaro bai isa ya taɓa ba. In pil ya yi sanyi a jera shi a rana, wai ya ƙara ƙarfi. Da safe Kawu ya fito da shi gindin bedi, maza su kewaye, mu yara mu raɓe a baya. Wata safiyar Litinin, 15 ga Afrilu 1974, na ga fuskokin manya sun sake. Ba wanda ya yi magana. Daga baya aka ce mana soja sun kama Shugaba Diori Hamani, wani mai suna Seyni Kountché ya hau. Da a zamanin kakana ne, sai labarin ya yi mako kafin ya iso. Mu mun ji shi kafin kunu ya huce.

Abin da ya fi shiga ranmu mu yara shi ne kokawa. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobi. Ku zo ku ga murna. Ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma kowane yaro ya zama Kantu. Da an tashi daga allo sai a nufi rairayi, a ɗaura ganye a ƙugu a madadin layu, wani ya kama gwangwani yana kiɗa, wani ya riƙe totuwa a baki yana kwaikwayon mai ba da labari a rediyo. Har rediyon yumɓu muka gina, da eriyar tsinke. Daga Kaduna kuma muke jin Shata da Ɗanƙwairo da gaishe-gaishen zaɓi sonka.

Ku lura da abu guda. Rediyo bai raba mu ba, tara mu ya yi. Akwati ɗaya, kunne hamsin. In an gama labarai a kashe don a yi tattalin pil, sannan a yi awa guda ana gardama kan abin da aka ji.

Talabijin ba ta taɓa safiyarmu ba. Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin tun 1964, amma a makarantu kaɗan. Tele Sahel ta fara aiki ga kowa a 1979, gwamnati ta rarraba akwatuna masu aiki da hasken rana a wasu garuruwa, ana kallo a dandalin samariya. Da maraice ake kunnawa. Na fara ganin ta a Tasawa, ana wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, mutane sun fi ɗari gaban akwati guda. Bayan haka kaset ya zo, sai bidiyo da finafinan Indiya, sai na Kano daga 1990. Duk waɗannan na dare ne, kuma sai an biya kuɗin shiga. Safiya ta zauna yadda take.

Abin da kewa ke ɓoyewa

In tsoho na ba da labarin da, sai ka ce aljanna aka baro. Ba haka ba ne. Shekarar da na shiga lakwal ita ce ta babban fari, 1973 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, Buzaye da Fulani suka gangaro kudu hannu wofi. Akwai safiyar Asabar da ba ɗumame, ba kunu. Mu tafi daji neman anza, a jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita a ci. A 1984 aka sake yin wata, wadda aka sa wa suna El Buhari, don a shekarar ce shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya rufe iyaka, hatsi ya kasa shigowa. Ba a buɗe ba sai 1986.

Ga ciwo. Mu tara Inna ta haifa, biyar suka girma. Ƙyanda ta ɗauki biyu cikin mako guda. Da damina kurkunu ya kwantar da mutum daidai lokacin noma, saboda ruwan tabki da muke sha. Agana dai mun tsira, don an bi ƙauyuka da lamba tun daga 1967, kuma a 1980 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Kurkunu sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Jikokina ba su san shi ba ko a hoto. Wanda ya ce a maida shi wancan zamani, a tambaye shi ko har da waɗannan.

Kuma ba salula kaɗai ta sake safiyar yara ba. Tun kafin ta zo daji ya tafi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 2012 ta samu miliyan 17 da ɗoriya. Jihar Maraɗi na cikin inda mutane suka fi yawa. Inda muke kiwo da farautar zomo duk ya zama gona, gona ta haɗe da gona daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ba saura, ba maƙiyaya sai ɗan burtali. Akuya a ɗaure take a gida, a yanko mata ciyawa. Yaron yau ko an ƙwace salular aka ce ya tafi daji, wane daji za shi? Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, tun bayan yunwar 1984 manoman jihar nan suka koma barin tohon itace a gona maimakon sassabe shi duka. Gawo da kalgo sun dawo a wurare da yawa. Zomo dai bai dawo ba.

Salula ta shigo Nijar sosai daga 2001, lokacin da kamfanin Celtel ya fara aiki. Da farko ta manyan birane ce. Da ta iso mu, sai an hau tudu ko rumbu ana neman rezo. Sannu a hankali dogayen ƙarafa suka tsaya a garuruwa, masu cajin sola suka buɗe rumfuna. An ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a 2009, kuma da wayoyin shafawa suka yi araha sai ya zama shi ne kasuwa, shi ne wasiƙa, shi ne rediyo.

Ba zan zage ta ba, don ina da ita a aljihu. Ɗana yana aiki a Aljeriya. A da sai mu shekara ba mu san ko yana da rai ba. Yanzu uwarsa na jin muryarsa duk Juma'a. Kafin in ɗora wa amalanke wake, na san farashin Tasawa. Mace na naƙuda cikin dare, a kira mai mota. Yayata da ba ta shiga lakwal ba, ba ta bukatar wani yaro ya karanta mata sirrinta, sai ta danna ta saurara. Sai dai ran da aka aiko mata da kuɗi, aka rubuto lambobi, ta ba wani ya duba mata, abin da ya iso hannunta bai cika ba. Tun daga ranar ta shiga ajin yaƙi da jahilci, tana da shekara sittin da biyu.

Abin da na lura ya sake shi ne wannan. Allo na nan, amma fitilar sola ta maye wutar kara, ba mai zuwa da ƙunshi. Lakwal ta yawaita, ƴan mata sun cika aji, wannan kuwa alheri ne. Gindin bedi har yanzu maza na zama da safe, amma kowa kansa a sunkuye, wannan na dariya shi kaɗai, wancan na tsaki shi kaɗai. Labari na zuwa da yawa, na gaskiya da na ƙarya a kwano guda, kuma ba a kashewa balle a yi gardama a tace. Yara kuwa sun san sunayen ƴan ƙwallon Ispaniya da Ingila. Na gwada jikana babba, na nuna masa itace goma a hanyar gona. Huɗu ya sani.

Asabar da ta wuce, bayan sun taso daga allo, na aiki ƙaramin ya ɗebo mini kara a bayan danga. Na zauna da wuƙa ina feƙewa. Hannu ya yi nauyi, ido ya rage, ƙafar farko ta karye sau biyu. Ban kira kowa ba. Can sai na ga inuwa a kaina, su uku sun tsaya. Babban ya ce: "Kaka, me kake yi?" Na ce mota. Na kafa ƙafafu huɗu na sakaina, na ɗaura zare, na ja ta a ƙasa ta tafi. Ƙaramin ya yi ihu ya ƙwace zaren. Ta tsakiya ta tsuguna tana tambaya yadda ake huda totuwa ba ta fashe ba, na miƙa mata wuƙar. Babban kuwa ya koma ɗaki da gudu ya ɗauko salular uwarsa, ya ɗauki motar hoto tana tafiya, ya aika wa ubansa. Kafin azahar amsa ta zo daga Aljeriya. Muka danna muka ji muryarsa yana dariya, yana cewa a gaya wa Baba ƙafar baya ta karkace, kuma a ajiye masa kara mai kauri, in ya zo da salla zai nuna musu yadda ake sa ƙofa.